Zagayen tarihin yaƙi a Warso: abin da na samu da kuɗina

Duk wanda aiki ko karatu ya kai shi Warso, babban birnin Polan, zai tarar da kamfanonin yawon buɗe ido birjik suna tallar zagayen ƙafa kan Yaƙin Duniya na Biyu. Na biya ɗaya daga cikinsu ta intanet, kuma kuɗina bai tafi a banza ba, ko da yake akwai abin gyara.

Jagorarmu mace ce, dattijuwa, haifaffiyar birnin. Ta riga kowa isowa, ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ana yawan cewa 'yan Polan ba su da fara'a, kuma gaskiya ne ba sa washe baki ga wanda ba su sani ba. Sai dai ladabinsu yana nan daram. Ba a kiran babba ko baƙo da sunansa gatsal, sai an sa "Pan" ga namiji, "Pani" ga mace, kamar yadda muke sa Malam da Malama. A jirgin ƙasan cikin gari da idona na ga wani saurayi ya miƙe wa tsohuwa daga kujera, ba wanda ya ce masa uffan.

Daga Tsohon Gari muka fara. Ta bar mu muka gama sha'awar gidajen nan masu launi, sannan ta zaro hoton dandalin na 1945: ɓaraguzai ne iya ganinka. Kusan kashi 85 cikin ɗari na birnin aka rusa, kuma abin da muke kallo sake ginawa aka yi, har da taimakon zane-zanen Bernardo Bellotto na ƙarni na 18.

Inda ta fi burge ni shi ne yadda ta raba mana bore biyu da baƙi ke cakuɗawa. Na farko na Yahudawa ne. A Nuwamba 1940 Jamusawa suka katange wata unguwa, suka cusa mutum sama da 400,000 a ciki. Yau katangar ta kusa ɓacewa, amma an shimfiɗa layi a ƙasa inda ta bi, da rubutun ƙarfe ɗauke da 1940 da 1943. Sai da ta ce mu dubi ƙafafunmu muka gane a kansa muke tsaye. Ta kai mu Umschlagplatz, inda a bazarar 1942 aka riƙa loda mutane a taragu zuwa sansanin kisa na Treblinka, ciki har da likita Janusz Korczak da marayun da ya ƙi rabuwa da su. Bangon tunawar da ke wurin sunayen yanka ne zalla, ɗaruruwa, babu na dangi. Ragowar mutanen unguwar ne suka ɗauki makami ranar 19 ga Afrilu 1943, suna sane da cewa nasara ba ta gabansu.

A nan wani daga cikinmu ya ɗaga waya zai ɗauki kansa hoto yana murmushi. Ba ta tsawata masa a bainar jama'a ba. Matsawa ta yi kusa da shi, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya mayar da wayar aljihu. Haka da wata ta danganta sansanonin kisa ga Polan, ta bari matar ta kai aya, sannan ta ce Jamusawa ne suka gina su, suka gudanar da su a ƙasar da suka mamaye, kuma kimanin 'yan Polan miliyan 6 suka mutu a yaƙin, rabinsu Yahudawa. Wannan magana ba ta wasa ba ce a wurinsu, mai zuwa ya kiyaye.

Kuma ba ta wanke ƙasarta tas ba. Ta ambaci Irena Sendler da ƙungiyar Żegota da suka ceci Yahudawa alhali hukuncin yin haka kisa ne, ta kuma ambaci Jedwabne, inda a Yuli 1941 maƙwabta 'yan Polan suka kashe Yahudawan garinsu. Wannan ne ya sa na amince da sauran bayaninta.

Bore na biyu na birnin ne gaba ɗaya. Ya tashi ranar 1 ga Agusta 1944 da ƙarfe 5 na yamma, aka yi kwana 63 ana gwabzawa, farar hula sama da 150,000 suka halaka, sojojin Sobiyet kuwa suna tsallaken kogin Vistula ba su kawo ɗaukin a zo a gani ba. Har yau duk shekara a wannan sa'a ana kaɗa jiniya, motoci da masu tafiya su tsaya cak.

Sai matsalolin. Kamfanin ya tara mu da yawa, bai kuma ba mu na'urar sawa a kunne ba, don haka wanda ke baya sai ya yi ta kutsawa kafin ya ji. Tafiyar ta zarce lokacin da aka rubuta, babu hutu a tsakani, sai da na nemi izini na keɓe na yi Azahar. Boren 1944 ma an gaggauta shi a ƙarshe, lokacin kowa ya galabaita. Kuɗin kuma bai haɗa da shiga gidan tarihi ko ɗaya ba.

Wanda zai je ya sa takalmi mai taushi saboda duwatsun Tsohon Gari, ya riƙe ruwa, ya tambayi yawan mutane kafin ya biya. Ban ga dacewar zuwa da ƙananan yara ba. Gidan Tarihin Boren Warso, wanda aka buɗe a 2004, a ware masa rana ta daban, don ba a haɗa shi da wannan tafiya a wuni guda.