Salansar Fijo 504: Abin da Na Gani a Hannun Wani Mai Walda a Panteka

Motata Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, wadda mahaifina ya bar mini. Kamfanin PAN da ke Kakuri ya fara haɗa irinta tun 1975, tawa kuwa ta shekarun 1990 ce, ta girmi rabin yaran da ke taɓa ta a gareji. Injinta lafiya lau. Salansa ce ta gaji. Da daminar bara tukunyar baya ta fara ƙara, ina ta cewa gobe, gobe, har ranar da na tayar da ita da asuba maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya tambaye ni ko janareto na sayo.

Na fara da kuskure. Na sayi sabuwar tukunya mai ƙyalli kamar kwanon amarya, irin wadda ake cewa tana shiga kowace mota. Bakinta ya fi bututun Fijo faɗi, gangar jikinta kuma gajeriya ce. Yaron da ya ɗaura mini bai ga matsala ba: ya cusa guntun bututu a tsakani, ya bi da walda, sannan ya liƙe ƙugiyar da jikin mota, ƙarfe da ƙarfe, babu roba. Kwana uku ina jin daɗin ƙyalli. A na huɗu kujerar baya ta fara rawa in na tsaya a danja. Bayan mako biyu, a hanyar Zariya, warin hayaƙi ya cika motar, uwargida ta ce kanta na sarawa, muka ƙarasa da gilasai a buɗe cikin yayyafi.

Wani direban tasi ne ya kwatanta mini rumfar wani dattijo mai walda a Tsohuwar Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna. Babu allo, babu benci sai tsohuwar taya. Na hau rami da motar, ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya fi minti goma bai ce uffan ba. Da ya fito ya ce, "Malam, wa ya ɗaure maka injin da igiya?"

Na ce, "Baba, ban gane ba."

Ya ce in tayar da mota in buɗe bonet. Ya nuna mini yadda injin ke jijjiga a kan robobinsa. Salansa a jikin injin take, dole ta bi shi in ya motsa, shi ya sa ake rataye ta da roba. In aka liƙe ta da jikin mota, injin na ja, jiki na riƙewa, sai wuri mafi rauni ya tsage. Tawa ta tsage a gaba, inda bututu ya haɗu da manifol, wato mafitar hayaƙi daga inji, daidai ƙarƙashin ƙafar fasinja. Ya dangwalo baƙin toka a wurin da yatsa ya nuna mini. Daga nan hayaƙin ke shigo mana. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, gubar da ke kashe mutum a cikin hayaƙin mota ba ta da wari ko kaɗan, warin da muka ji rakiya kawai ya yi mata.

Ya nemi in kawo tsohuwar tukunyar, Allah ya sa ban sayar wa 'yan gwangwan ba. Ya yanka ta biyu. Ashe daga ciki ta ruɓe, ba daga waje ba. Ya tambaye ni nisan wurin aikina, na ce minti goma. Ya ce shi ke nan: hayaƙin fetur na ɗauke da tururin ruwa, in salansa ba ta yi zafi sosai ba ruwan sai ya kwanta a gindin tukunya ya yi ta cin ƙarfe. A kan girman tsohuwar ya naɗa sabuwa da falange mai kauri, ya kwaikwayi ɗakunan cikinta, ya huda ɗan ƙaramin rami a ƙasa don ruwa ya riƙa ɗiga. Mahaɗar tsakiya bai yi mata walda ba, kilam ya sa, wato maɗaurin ƙarfe, da noti biyu, don ranar da za a sauke giya kada sai an yanka. Ya sa sabon gasket a gaba, ya rataye komai da roba, ya zura hannu ya tabbatar bututun bai kusanci tankin mai ba. A ƙarshe ya sa yaronsa ya toshe bakin salansa da tsumma mota tana silo, shi kuma yana bin kowace mahaɗa da bayan hannu yana neman iska.

Masu Honda da Corolla, ku naku akwai abin nan mai tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi a cikin bututu, mai ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, don haka ku tsaya a kan motarku ko ina kuka kai ta, kada a sace shi. Fijona mai kafireta ce, ba ta da shi, na tafi sallah hankalina kwance.

Aibinsa? Ba ya sauri. Na zo ƙarfe tara, ban bar wurin ba sai bayan la'asar. Ba ya ɗaga waya. Fentin da ya shafa ya ƙone cikin mako guda, da wari kamar ana ƙona leda. Tukunyar ta fi ta asali nauyi, kuma in na kai gudun kilomita 80 akwai wani gurnani ƙasa-ƙasa da ban san motar da shi ba zamanin mahaifina. Wanda ke son shiru irin na sabuwar mota ba zai samu a nan ba. Batun mai kuwa, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 nake lura da allurar tankin mai kamar mai jiran haihuwa, ban ga ta canza hali ba, shi ma bai yi mini alkawarin haka ba. Kuɗin aikinsa duka, har da falange da robobi, bai kai abin da na biya wa mai ƙyallin ita kaɗai ba.

Wata bakwai ke nan. Na je Zariya sau huɗu, Kano sau ɗaya, gilasai a rufe saboda ƙurar hunturu, babu wanda ya yi kukan ciwon kai. Mai ƙyallin tana nan bayan gida, kaji na hawa kanta. In akwai mai ƙaramar motar da bakinta ya yi daidai, ya zo ya ɗauka a rabin kuɗi.