Gidan tarihin jirgin ƙasa: York ko Nairobi?

Idan da yara za ka je, na birnin York a Ingila ya fi sauƙi. An buɗe shi a 1975, shiga kyauta ne, kuma yawancin jiragen suna ƙarƙashin rufi, ruwan sama ba zai kore ku ba. A nan Mallard yake, shuɗin kan jirgi mai aiki da tururi wanda ya yi gudun mil 126 a awa a 1938, har yau ba a samu irinsa da ya wuce shi ba. An goge shi fes, yana ta walƙiya.

Na Nairobi, da aka buɗe a 1971, ƙarami ne, sai an biya, kawunan jiragen kuma suna waje rana na dukansu, wasu duk tsatsa. Amma fa akwai labari! Ga taragon da zaki ya kutsa cikin dare a tashar jirgin ƙasa ta Kima da ke Kenya a 1900, ya janye Baturen ɗan sanda Charles Ryall, wanda ya zo farautar zakin amma barci ya sace shi. Ni dai saboda taragon nan kaɗai zan zaɓi Nairobi.