Hattara da mai tallar "kaneshan ɗan wada"

Jama'a masu sha'awar fulawa, a yi hattara. Akwai wani mai talla da ke bin zaurukan WhatsApp da Facebook da hoton furen kaneshan a ɗan kasko, gajere, a cure, furanni sun lulluɓe ganye. Wai iri ne na musamman daga Holan, ba zai taɓa yin tsayi ba, kuma ko a zafin Sakkwato zai yi fure. Sai ka tura kuɗi tukuna, sannan ya haɗo maka da wata 'yar kwalba marar takarda da yake kira "sirrin fure".

Gajeren irin kaneshan akwai shi da gaske, amma nasa ba shi ba ne. Magani aka ba shi. Masu renon fulawa suna amfani da faklobutirazol, wanda ake sayarwa da sunan Bonzi ko Cultar, don ya hana tsiro haɗa sinadarin jibarelin mai miƙar da kara. Gaɓoɓin sai su matsu, ganyen ya yi kauri, ya yi kore shar. Wannan sana'a ce sananniya, babu laifi a cikinta. Laifin shi ne ɓoye wa mai saye. Wata maƙwabciyata ta saya, ƙarfin maganin na sakin tsiron sai sabon toho ya zabga tsayi, ya langaɓe a bakin kasko.

Kwalbar nan ta fi tayar min da hankali, don da alama irin maganin nan ne a cikinta. Da sirinji ake auna irin wannan magani, mai tallar kuwa cewa yake a zuba murfi guda. Idan ya yi yawa, tsiron tsayawa yake cak, ganye ya cukurkuɗe, furen ya makara. Kuma yana daɗewa a ƙasa, wanda ya juye ƙasar kaskon a fangalin alayyafo ko tumatir zai ga sun tsumbure. Wani ɗan uwan maganin, daminozayid, tun 1989 Amurka ta daina yarda a fesa shi a kan abin da ake ci.

Batun zafi kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Kaneshan sanyi yake so, shi ya sa ake noma shi a tuddan Kenya da Kolombiya. A nan gida Jos ta fi dacewa da shi.

Kada a tura ko sisi sai an ga tsiron ido da ido, an tambayi sunan irin da ranar da aka ba shi magani. Kwalbar da ba ta da sunan sinadari da lambar NAFDAC a bar masa kayansa. Wanda ya riga ya karɓa, ya kai ta inda hannun yara ba ya kaiwa.