Yaya, Kada Mu Yo Odar Kabad Daga Ingila

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya a Tudun Wada. Kin ce in duba miki kabad a nan saboda kayan ɗakin 'yarmu. Na duba, kuma shawarata a yi shi a gida.

Gidajen Mancesta ƙanana ne, ga haya da tsada, shi ya sa ba a barin wuri ya zauna a banza. Akwai gadon da ake ɗaga katifarsa sama, cikinsa gaba ɗaya ma'aji ne. Barguna da rigunan sanyi kuwa a wata leda ake zuba su, a zuƙe iskar da injin shara, sai ki ga tulin kaya ya lafe kamar tabarma. Kantin da aka fi zuwa shi ne IKEA, kamfanin ƙasar Suwidin da aka kafa a 1943. Kabad ɗinsu a kwali yake zuwa falle-falle, da kusoshi da takardar zane, mai saye ne zai harhaɗa da hannunsa. Kowane kaya an rubuta tsayinsa da faɗinsa, don haka sai mutum ya auna bangonsa kafin ya fita saye. Wannan awon shi ne abin koyi.

Katakon ne bai kwanta min ba. Masu arahar nan, ko na wane kanti ne, yawanci garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe. Da ruwa ya shige shi sai ya kumbura, mu kuwa da ruwa muke wanke ɗaki, ga danshin damina. Kafintan Sabon Gari in ya samu katakon kirki zai yi wanda ya fi wannan ƙarko. A dai gaya masa ya kai shi har silin, ya sa masa ƙofofi saboda ƙurar hunturu, ya ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

Wani abin da ya burge ni, rabuwa da kaya ba ya musu wuya. Kusan kowace unguwa da kantin sadaka, inda ake sayar da kayan da mutane suka bayar, ƙungiyar agaji ta British Heart Foundation ma har gida suke turo mota su ɗauki kujera ko gado kyauta. Tufafin da ba su sayu ba, da yawansu ake ɗaurewa dila-dila, su zama gwanjon kasuwanninmu. Amma fa ba kowa ba: wasu ɗaki suke haya wata-wata don kawai su jibge abin da ba sa amfani da shi, abin yana ba ni takaici.

Don Allah Yaya, a rage samira da kulolin jere. Yarinyar nan ɗaki biyu za ta shiga. Ki tuna ɗakin Kaka a cikin birni, fitila a alkuki, ƙore a ragaya, ƙasa fayau. Ki sa a auno min ɗakunan a turo ta WhatsApp, zan zana wa kafinta yadda zai yi. A gaishe min da Inna.