A yi hattara da masu tallan man tsirrai na makero da sanyi

Jama'a, musamman iyaye mata, akwai wata 'yar kwalba da ake ta tallanta a WhatsApp da TikTok, wai tataccen man tsirrai ne mai kawar da makero, kyasbi, cin ruwan ƙafa da ƙaiƙayin gaba cikin kwana uku. Sunan kayan yana sauyawa daga shafi zuwa shafi, amma salon ɗaya ne: hoton "kafin" da "bayan", muryar wata baiwar Allah tana godiya, sai lambar asusu. Ki tura kuɗi a sa miki a mota. Babu shago, babu adireshi, idan kika dawo da ƙorafi a toshe ki.

Abin da ya sa suke cin kasuwa shi ne akwai ɗan ƙamshin gaskiya a bakinsu. Man kanumfari yana ɗauke da sinadarin eugenol, man kirfa yana da cinnamaldehyde, shi kuwa man tea tree, wanda ake tatsa daga ganyen wata bishiyar Ostareliya, yana da terpinen-4-ol. Duka an ga suna hana ƙwayar fangas, wato mai haddasa makero da ire-irensa, yaɗuwa, amma galibi a cikin faranti a ɗakin gwaji. Fatar mutum daban ce. A wani gwaji na 1994 an shafa wa masu ciwon farce tsantsar man tea tree har wata shida, kuma kashi 18 cikin 100 kacal ne ƙwayar ta bar farcensu. Wata shida fa, da mai na ainihi. To ina batun kwana uku?

Sannan wa ya tabbatar abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da aka rubuta? Sai an dafa ganye wajen kilo 100 kafin a samu kilo 1 zuwa 2 na man tea tree. Duk mai ba ki babbar kwalba da araha, ki yi zargin man girki ne aka ɗiga wa turare. Ki ɗiga a farar takarda: na gaskiya yana bin iska, gauraye yana barin maiƙo. Ainihin ma a kwalba mai duhu ake zuba shi, don rana tana lalata shi ya koma mai ƙona fata.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne kan yara. Ƙwayar makeron kai a cikin silin gashi take, abin shafawa ba ya kai mata. Maganinta na sha ne, irin su griseofulvin ko terbinafine, na tsawon makonni, bisa umarnin likita. Duk satin da aka ɓata ana shafa mai, ciwon yana iya kumbura ya yi ruwa, ya bar tabon da gashi ba zai sake tsirowa ba, ga ƙanne suna ɗauka ta mataji da hula da askar wanzami. Wasu masu tallan har cewa suke a ɗiga a shayi a sha, ko mace ta yi matsi da shi. Kada ki kuskura. Shan man tea tree yana iya sa yaro ya fita hayyacinsa, man kanumfari kuma an san yana taɓa hantar ƙananan yara.

Idan kirim ne aka haɗo miki kuma ƙaiƙayin ya ɗauke a dare ɗaya, wannan ma abin zargi ne. Haka mayukan da ke da clobetasol ko betamethasone, wato magungunan kwantar da kumburi da ƙaiƙayi da ake kira steroid, suke yi: su kwantar da jan, ƙwayar tana ci gaba da bazuwa a ƙasa.

Ko da kin ga lambar NAFDAC, ki karanta ƙananan rubutun. Magungunan gargajiya da hukumar ta yi wa rajistar farko suna ɗauke da bayanin cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Wasu lambobin ma kwafe su aka yi daga wani kayan, ana iya dubawa a kundin Greenbook na hukumar.

Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara tsagewa ya wuce asibiti kai tsaye. Wadda ta riga ta saya kuma ta adana kwalbar da shaidar tura kuɗin, ta kai ofishin NAFDAC na jiharta.