Ɗinkin tela ko abayar kanti: amsa ga ƙanwata mai shekara 46

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da na idar da sallar asuba kafin in amsa, don maganar ta fi layi biyu. Kin ce shekarunki 46, haihuwa shida, kuma cikin shekara biyun nan kayan akwatinki duk sun ƙi ki: na da sun matse a ciki da hammata, ɗinkakkun da kike sayowa a kasuwa kuma suna zama miki kamar na aro. Ga bikin ɗiyarki an sa cikin watan Mayu. Kina son sanin wanne ya fi, ki ci gaba da kai wa tela, ko ki koma abaya da dogayen rigunan kanti ki huta.

Na girme ki da shekara bakwai. Na daɗe ina taka keken ɗinki a ɗakina nan unguwar Birni a Damagaram, kuma akwai lokacin da nake saro abayoyi daga Kano ina bi gida-gida da su, don haka kowanne na san daɗinsa da ciwonsa.

Da farko ki cire wa ranki cewa wani laifi kika yi. Yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55 ne al'ada take ɗauke musu, kuma tun kafin ta ɗauke jiki yake fara sauya fasali. Kitsen da a da yake zama a cinya da mazaunai sai ya koma ciki da ƙugu, damtse ya cika, ƙirji ya sauka. Wata ko kilo ɗaya ba ta ƙara ba, amma rigarta ta bara ba ta rufuwa. Ga kuma zafin nan da yake taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta karyo ko da fanka na juyawa. Abu biyun nan, sauyin fasali da zafin jiki, da su za ki auna duk rigar da aka miƙo miki.

Abayar kanti tana da abin da tela ba zai taɓa ba ki ba: kin gani, kin gwada, kin biya, kin tafi da abinki. Babu "dawo jibi", babu zaryar kabu-kabu. Ranar da aka yi rasuwa a Zango, ko aka kwantar da wani a asibiti, ko za ki makarantar Islamiyya da yamma, kina zura ta kin shirya. Yadinta mai nauyi ne da santsi, yana zubowa daga kafaɗa har ƙasa ba ya tsayawa a kan ciki, shi ya sa take yi wa masu shekarunmu kyau in an dace.

Sai dai dacewar ce aiki. Lambobin da kike gani a wuyan abayar Dubai ko ta Saudiyya, 52, 54, 56, 58, tsawo ne a inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba su ce komai a kan faɗi ba. Lamba 54 kusan santimita 137 ke nan, ta mace mai tsawon mita ɗaya da sittin ko ƙasa kaɗan. 56 kuma kusan 142. Na sha ganin mace ta ji 54 ta kama ta a ƙirji, sai ta ce a ba ta 58, ta koma gida da riga tana sharar ƙasa, ɗinkin kafaɗa ya gangaro rabin damtse, ƙirjin kuma yana nan a matse. Kamfani yana yanka ne a kan fasali ɗaya, mai ƙugu ƙarami da siririn damtse, ya ƙara ko ya rage gaba ɗaya. Jikinmu kuwa ba gaba ɗaya ya ƙaru ba. In za ki saya, ki zaɓa da kafaɗa da ƙirji, tsawon da ya yi yawa a rage a yi kalmasa, aikin minti kaɗan ne. Kafaɗar da ta zube kuwa gyaranta sai an kwance hannun riga duka, kuma da wuya ta koma daidai.

Matsala ta biyu yadi. Mafi yawan abayoyin nan zaren roba ne, ba ya shan zufa, ba ya barin iska ta ratsa. Cikin hunturu ba ki da kaico. Amma Afrilu da Mayu a Damagaram, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, ki ɗora baƙar abayar roba a kan riga, ki ɗora hijabi, sannan zafin cikin jiki ya taso miki a tsakiyar taro, wallahi wahala ce da ba ta da dalili.

Tela kuma shi ne kaɗai zai iya ba ki ƙirji na lamba ɗaya, ciki na wata lamba, kafaɗa ta wata. A nan ya yi wa kanti nisa. Amma sai in da awon yau ya yanka. Shekara huɗu da suka wuce, lokacin sunan jikata, na kai leshi wajen wani tela saboda kekena ba ya yin aikin wuya. Ya daɗe yana yi mini ɗinki. Ina ajiyewa ya ce, "Hajiya je ki abinki, awonki yana littafi." Littafin nan na gan shi, bangonsa ya cire, shafin da sunana yake har ya yi ja don tsufa, amma na yi shiru saboda sabo. Ranar suna rigar ta shiga, sai da na ɗaga hannu zan ɗaura kallabi na ji zare yana ƙara a hammata. Haka na wuni ina karɓar ƴan barka hannuwana manne da jikina, ko jaririyar ban iya ɗauka da sakewa ba. Leshin kuma ba a bar masa komai a ciki ba balle a buɗe.

Tun daga ranar, duk ɗinki sabon awo. In telanki namiji ne kuma ba kya son ya auna ki, wanda haka yawancinmu muke, kada ki aika da tsohuwar riga a matsayin gwaji. Ki sayi tef ɗin awo, ƴarki ko maƙwabciya ta auna ki a ɗaki, kina sanye da rigar maman da za ki sa ranar, don ita ce take nuna inda ƙirjin riga zai zauna. A auna kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi, ƙirji a inda ya fi cika, ƙarƙashin ƙirji, mazaunai, zagayen damtse, da zurfin hammata. Ciki kuma a auna shi sau biyu, kina tsaye da kina zaune, a ba tela na zaunen. Kada ki shanye ciki lokacin awo. Ranar biki ba za ki wuni kina riƙe numfashi ba. Ki ce masa ya bar santimita uku a kowane gefe ta ciki. Ranar karɓa kuma kada ki tsaya gaban madubi kawai: ki ɗaga hannu kamar za ki yi kabbara, ki sunkuya kamar ruku'u, ki zauna a tabarma ki miƙe. Rigar da ta bar ki kika yi ukun nan ba ta ja ko'ina ba, ta yi.

Cikin ɗinkin ma ba duka suke ɗaya ba. Riga da siket mai kama cinya ya buɗe a ƙasa, irin na ƴan mata, shi ne ya fi kowanne rashin haƙuri: ƙugunsa ɗaya ne, zif ɗinsa ɗaya, kin ƙara santimita biyu ya tashi daga aiki. In ranki yana son siket, a sa roba a bayan ƙugu, a yanka shi ya buɗe tun daga mazaunai. Riga da zane kuwa ni har gobe ban ga na biyunsa ba ga mace mai shekarunmu, domin zane tufa ne da ba ruwansa da awo. Kin cika ya bi ki, kin faɗa ya bi ki. Turmin atamfa yadi shida ne, zane uku, ya ishi riga, zane da kallabi, kuma bayan rigar ta mutu zanen yana nan yana aiki a gida. Abin lura shi ne tsawon rigar: kada ta tsaya daidai inda mazaunai suka fi faɗi, ta wuce wurin da kamar faɗin tafin hannu. Tattarar nan da ake yi a ƙugu tana buɗewa kamar lema, ki bar wa ƴan mata, a kan cikinmu ƙari take yi. In dai za a raba rigar, a raba ta can ƙarƙashin ƙirji inda jiki bai cika ba, ta sauko a sake.

Doguwar riga mai kama kafaɗa da ƙirji daidai, ta riƙa buɗewa a hankali har ƙasa, ita ce abayar da tela yake iya yi miki da auduga, kuma ita na fi ɗinka wa kaina yanzu. Wuya mai ɗan tsini ƙasa, daidai yadda mayafi zai rufe, yana sa wuyan mutum ya fito. Zagayayyen wuya matsattse da aka cika da duwatsu kuwa dunƙule mace yake yi. Hannu ya wuce gwiwar hannu, kuma damtsen ya sami sarari. Bubu yana da kwarjini, uwar amarya ta shigo da shi kowa ya san ita ce, amma doguwar mace ya fi karɓa. In gajeriya ce ke, a rage faɗinsa, a yi ɗinki ta ciki daga hammata zuwa ƙasa don kada ya baje.

Yadin ma da nasa hali. Shadda mai kyau, irin Getzner da ake saƙawa a Ostiriya, auduga ce, ba ta dafa mutum, sai dai sabuwa tana da tauri da sheƙi, tana tsayawa nesa da jiki, don haka bubun shadda mai faɗi yana ninka mace. Atamfar Holan ta Vlisco, kamfanin da yake garin Helmond tun 1846, ita ma auduga ce, kuma akwai masu sauƙin kuɗi da yawa da suke auduga. Akwai kuma masu roba da suka cika kasuwa, zanensu kyakkyawa, zafinsu kamar leda. In kina shakka, ki zaro zare ɗaya daga bakin yadin ki kusanta shi da ashana: auduga tana ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi, roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Atamfa ki jiƙa ta ki shanya kafin ki kai ɗinki, saboda auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko. Manyan furanni kuma ki gaya wa tela kada ya bar ɗaya ya faɗo a kan ciki ko a tsakiyar mazaunai. Leshi dole sai da shafi, to shafin ya zama na auduga, in ba haka ba kin sayi leshi mai tsada kin sa leda a ƙarƙashinsa.

Raunin tela kin san shi, alkawari. Ana gab da Salla ko lokacin bukukuwa kayan mutane sun taru, a nan ake yanka da sauri a ɓata yadi. Kuɗinsa ma kashi uku ne, na yadi, na ɗinki, na aikin wuya, kuma in ya ɓaci babu mayarwa, alhali abaya in ba ta yi ba tun a shago kin ajiye ta.

Kada kuma ki manta da lafaya, tunda a Damagaram muke, inda muka tashi muna ganin iyayenmu Barebari da matan Tubawa suna naɗa ta. Mita huɗu da ɗoriya ce ba ɗinki, ba lamba. A kan doguwar riga mara nauyi, lafayar auduga mai laushi tana rufe ciki da damtse, kuma iska tana shiga.

Da ni ce ke, ga yadda zan yi da bikin Mayu. Ranar ɗaurin aure shadda, bubu madaidaici ko doguwar riga, aiki a wuya da bakin hannu kawai. Ranar wuni, da za ki yi ta kai da kawo tsakanin madafa da baƙi, ankon a yi miki shi riga da zane. Abaya ɗaya mai kyau, wadda kika zaɓa da kafaɗa, ki ajiye ta don zirga-zirgar gayyata da safe da kuma rakiyar dare. Ki shiga kasuwar Dole ranar Alhamis ɗin nan da takardar awonki a jaka, yadin ya isa hannun tela aƙalla mako shida kafin biki, kuma ki ce masa za ki zo gwaji kafin ya sa zif ya yi kalmasa.