Gargaɗi ga masu tafiya Umra da ziyara: ku lura da ranar komowa

Jama'ar Sakkwato, musamman iyayenmu Hajiyoyi da ake haɗa wa tafiya ayari guda, akwai wasu masu kiran kansu ejan da ke tallar "Umra da ziyara, komai a ciki" a WhatsApp da Facebook, farashinsu ƙasa da na kowa. Kwanakin farko ba za ku ga aibu ba. Biza ta fito, jirgi ya sauka lafiya, bas ta zaga da ku Masallacin Ƙuba da Dutsen Uhudu. Hidimar ranar ƙarshe ce ba su biya ba, don sun san a ranar ba mai sukunin tsayawa rigima.

Babbar cutar tana wajen tikitin komowa. Ajiye kujera daban, sayen tikiti daban, amma a takarda kusan kamarsu ɗaya. Mai ajiye kujera yana samun lamba ta haruffa da alƙaluma 6, kuma in ba a biya ba kamfanin jirgi zai soke ta da kansa bayan ɗan lokaci. Tikitin da aka biya yana da alƙaluma 13. In takardarku ba ta da su, ba ku da tikiti, ko da sunanku da ranar tashi sun fito raɗau. Wasu ma sukan saya, su nuna muku, sannan su soke su karɓe kuɗin bayan kun tashi. Saboda haka a duba sau biyu a shafin kamfanin jirgin da kansa, da lambar nan ta haruffa da alƙaluma 6 da sunan ƙarshe na fasfo: kafin a bar gida, da kuma saura kwana biyu a komo. Wanda bai iya ba ya sa ɗansa ya duba masa daga nan Sakkwato.

Sai masauki. Ejan ya biya wasu kwanaki ya bar na ƙarshe, da safe mai otal ya riƙe jakunkuna, wayar ejan a kashe. Ranar da kuka sauka ku je wurin masu karɓar baƙi ku tambaya: kwana nawa aka biya, wace rana za mu fita? Kuma kada ku bar fasfo a hannun jagora da sunan ajiya. Abin takaici ne a ga tsohuwa zaune kan jakarta a bakin otal tun azahar, fasfonta na aljihun wanda ya ɓace.

Bas ɗin filin jirgi ma haka. Direba ya kashe mota ya ce ba a sallame shi ba, sai kowa ya kawo riyal. Daga Makka zuwa Jidda tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, daga Madina kuwa ta haura kilomita 400, to wanda aka tsayar nan ya san jirgi ba ya jira. Wani jagoran kuma sai ya karkata da ku shagon dabino ko turare inda ake ba shi la'ada a kan kowane ciniki. Ku ƙi. Ku isa filin jirgi saura awa 4.

A daren ƙarshe ne kuma mai "kago", wato mai cewa zai aiko muku da kaya gida daban, ke ɓullowa ya kwashe rarar kaya, ya karɓi kuɗin kilo, ba rasiti ba adireshi. Ku auna kayanku tun a ɗaki bisa nauyin da ke jikin tikiti. Zamzam kuwa, jarkar lita 5 da aka rufe a hukumance ce ake ɗauka.

Kafin biya, ku nemi lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ku ga ofis da idonku, ku biya ta asusun kamfani ba na mutum ba. A rubuta sunan otal, yawan kwanaki da motar filin jirgi a takarda mai sa hannu. In abin ya riga ya faru, ku tuntuɓi ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya a Jidda kafin biza ta ƙare, ku adana rasitai da saƙonni don kai ƙara NAHCON da ofishin EFCC na Sakkwato.